Kada Manja Ya Yi Fari a Tukunya

Akwai wata al'ada a ɗakunan girki da yawa wadda ta zama kamar sharaɗin iya miya. A ɗora tukunya, a zuba manja, a bar shi a kan wuta har ya fara hayaƙi, jansa ya dusashe ya koma ruwan ɗorawa ko ma ya yi fari kamar man gyaɗa, sannan a jefa albasa. Hujjar masu yin haka ita ce kashe gafi, kuma ba shakka gafin yana mutuwa. Sai dai garin neman gira ne ake rasa ido, domin jan da ake kora da wuta shi ne abin da ya ba manja daraja a kan sauran mayuka. Sunansa karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma shi ne dai ke cikin karas da kabewa da mangwaro da gwanda. A irin waɗannan abinci launi shi ne ma'aunin amfani. Don haka aikin mai girki, tun daga kasuwa har zuwa kwano, shi ne ta tsare launin daga rana da iska da wuta mai tsanani, sannan ta haɗa shi da ɗan maiƙo don ya samu hanyar shiga jiki.

Wani masani Bajamushe mai suna Wackenroder ne ya fara tsamo karotin daga karas a 1831, kuma daga sunan karas ɗin aka raɗa masa suna. Daga baya aka gane cewa dangi ne babba, sun haura 600, launinsu ya kama daga rawaya zuwa ruwan goro har zuwa ja wur. Tsirrai ne ke ƙera su, mutum da dabbobinsa aro kawai suke yi daga abin da suka ci. Shi ya sa gwaiduwar ƙwan kazar da ke kiwo tana tsattsagar ɗanyen ganye ta fi ta kazar da aka tsare a kan farar masara launi, shi ya sa kuma man shanu ke ɗaukar rawaya daga ciyawar da saniya ta ci. Jan da jatan lande ke yi idan ya ji wuta ma daga wannan dangi yake. Abin da ya fi muhimmanci ga mai girki shi ne cewa ganyaye masu kore shar, irin su zogale da alayyahu da rama da lalo da kuka, cike suke da karotin, koren ne kawai ya lulluɓe shi. Idan ganye ya tsufa koren ya janye, rawayar da ake gani dama tana nan tun farko. A 1930 Thomas Moore ya nuna a Kambirij ta Ingila cewa ɓerayen da aka ciyar da karotin suna tara bitamin A a hantarsu, daga nan maganar ta tashi daga batun launi ta koma batun lafiya.

Bahaushe ya daɗe da sanin alamar farko ta ƙarancin wannan bitamin, har ya ba ta suna: dundumi, wato mutum ya riƙa lalube da zarar magariba ta yi. Idan abin ya yi nisa ido kan bushe, ya yi gyambo, ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda ƙarancin bitamin A, kuma rabinsu kan rasu cikin shekara guda bayan rasa ganin. Lalurar ba a ido kaɗai ta tsaya ba, domin bitamin ɗin ne ke kula da lafiyar fatar da ta shimfiɗe cikin hanji da hanyoyin numfashi, inda cuta ke fara neman ƙofa. Binciken da Alfred Sommer da abokan aikinsa suka yi a yankin Aceh na Indunusiya, wanda aka buga a 1986, ya nuna mace-macen ƙananan yara sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka ba su bitamin A. Irin wannan hujja ce ta sa Nijeriya ta wajabta ƙara shi a sukari da fulawa da man girki tun 2002, ta kuma riƙa ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 sau biyu a shekara. Duk wannan abin yabawa ne, amma ɗigon asibiti sau biyu ne a shekara, tukunya kuwa kullum ake ɗora ta.

Kafin a je kasuwa akwai gyara ɗaya da ya kamata a yi wa ƙa'idar nan ta cewa launi ne ma'aunin amfani, don kada a ɗauka duk abin da ya yi ja ko rawaya bitamin A ne. Mafi yawan jan tumatir da na kankana wani ɗan dangin ne da ake kira laikofin, yana da nasa amfanin amma jiki ba ya mayar da shi bitamin A. Rawayar masarar da aka saba da ita galibi lutin ne da ɗan'uwansa, waɗanda ke taruwa a can cikin ido, su ma ba sa zama bitamin ɗin sai ɗan abin da ba a rasa ba. Jan zoɓo da na karan dafi da rawayar kurkum kuwa ba su ma cikin dangin gaba ɗaya. Hanya mai sauƙi ta rarrabe karotin da launin zoɓo ita ce a dubi inda launin ke zama: na zoɓo yana narkewa a ruwa, na karotin kuwa gudun ruwa yake yi ya bi mai, shi ne wannan jan da ke tasowa a saman miya. Launuka biyu ne abin nema a wurin mai kayan gwari, ruwan goro mai kauri da kore mai duhu. A zaɓi kabewar da cikinta ya rine sosai a kan wadda ta yi fari-fari, mangwaro da gwanda waɗanda suka nuna, alayyahun da aka yanko da safe a kan wanda ya wuni a rana ya yi yaushi. Dankalin Hausa mai farin ciki kusan babu karotin a cikinsa, alhali nau'in da cikinsa ke ruwan goro, gram 125 kawai na iya biyan bukatar yini ta yaron da bai isa shiga makaranta ba. Aikin yaɗa wannan dankali a Afirka ne ya sa Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low suka samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2016, tare da Howarth Bouis. Akwai kuma rogo mai rawayan ciki da aka fitar wa manoman Nijeriya a 2011 daga aikin cibiyoyin bincike na Ibadan da Umudike.

Duk da haka babu abin da ya kama ƙafar manja a cikin abincin da talaka ke iya saye kowane lokaci na shekara. Kilo ɗaya na ɗanyen manja yana ɗauke da miligiram 500 zuwa 700 na karotin, inda kilo ɗaya na karas ke da wajen miligiram 80 na beta-karotin, wanda shi ne mafi ƙarfi a dangin. Fifikon bai tsaya a yawa ba. Ma'aunin da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 2001 ya ce sai an ci awo 12 na beta-karotin a cikin kayan lambu kafin jiki ya samu awo 1 na bitamin A, amma idan a narke yake cikin mai, awo 2 sun isa. Manja dama a narke yake zuwa da nasa. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya yana da miligiram 2 zuwa 3, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kuwa maikirogiram 300 na bitamin A yake bukata a yini. Ko da an yi lissafi da mafi tsaurin ma'aunin, cokalin nan ya kai wajen rabin bukatarsa, da ɗaya ma'aunin kuwa ya zarce ta. An gwada wannan a aikace a Burkina Faso, a yankin da ba su saba cin manja ba, aka ga ƙarancin bitamin A ya ragu a tsakanin iyaye mata da 'ya'yansu. Abin lura kuma, da yawa daga farin man da ake sayarwa a jarka daga kwakwar manjan aka samo shi, masana'anta ce ta tace shi ta gasa shi a zafin da ya haura digiri 200 har launin ya tafi. Mai soya manja har ya yi fari ta sayi mai mai daraja ne ta mayar da shi abin da za ta iya samu a jarka, ba tare da bitamin ɗin da doka ta sa a ƙara wa na jarkar ba.

Tsare manja daga wurin saye yake farawa. Wanda aka jera a gorunan roba masu haske a bakin titi, rana na dukansa daga safe zuwa yamma, ya riga ya fara asara kafin ya iso gida, don haka gara a sa mai kaya ya auno daga jarkar da ke inuwa. A ɗanɗana kafin a biya. Manja mai kyau ba ya maƙaƙi a maƙogwaro, kuma mafi yawan gafin da ake ƙorafi a kai daga tsufan mai yake zuwa, ko daga 'ya'yan kwakwar da aka bari suka kwana biyu a jibge kafin a matse su. A gida a zuba shi a abin da haske ba ya ratsawa, a rufe ruf, a ajiye nesa da murhu, kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki. Sayen abin da zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu ya fi tara galan-galan na shekara. Idan ya daskare da hunturu ba lalacewa ya yi ba, a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi ta narke.

A kan murhu kuwa, a rage wuta, a zuba manja, da zarar ya narke yana nan da jansa a zuba yankakkiyar albasa. Ruwan da ke jikin albasar yana hana zafin man hawa da sauri, ƙamshinta kuma yana danne ɗan gafin da ya rage. Minti biyu zuwa uku ana juyawa ya isa, sai a bi da jajjage. Idan girkin na bukatar suya mai tsawo, kamar suyar nama ko ta tumatir har ya tsane, a yi ta da man gyaɗa, a ajiye manjan sai saura 'yan mintoci a sauke. A faten wake da faten dankali da faten tsaki da alale ma ba a bukatar soya shi sam, a zuba shi kai tsaye cikin abin da ke dahuwa, domin muddin da ruwa a tukunya zafinta ba ya wuce digiri 100, kuma karotin yana jure wannan na ɗan lokaci. Mafi sauƙi duka shi ne garau-garau da ɗanwake, inda za a ɗan ɗumama shi da albasa a yaryaɗa a sama. Inda ake asararsa baki ɗaya shi ne kaskon suya, wurin da mai ɗaya ke tafasa ana tsamewa ana sakewa, don bayan 'yan zagaye babu sauran launi. Mai cewa sai manja ya yi hayaƙi miya ke daɗi tana da gaskiyarta ta fuskar harshe, kuma akwai girke-girken da aka gina a kan wannan ɗanɗano, kamar miyar da Yarabawa ke ci da shinkafar ofada. Wanda ke marmarinta ya ci, amma ya san daɗi ya saya, kada kuma ta zama hanyar yin miyar kullum a gidan da ke da ƙananan yara. Hayaƙin nan mai sa tari da hawaye alama ce man da kansa ya fara ƙonewa.

Za a ce ai manja kitse ne, kuma likitoci na gargaɗi a kansa. Gaskiya ne kusan rabin maiƙonsa irin mai daskarewa ne, wanda yawan cinsa ke ɗaga kitsen jini, kuma mai ciwon zuciya ya bi abin da likitansa ya tsara masa. Amma maganar da ake yi a nan ta ƙaramin cokali ce ga yaro, da babban cokali ɗaya ko biyu a tukunyar iyali, a madadin wani man, ba ƙari a kansa ba. Miyar da mai ke iyo a kanta ɓarna ce ko da wane mai aka yi ta, kuma soya manja har ya yi fari ba ya rage masa kitse ko kaɗan, amfanin kawai yake ragewa. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na algus. Tunda masu saye ja suke nema, wasu marasa tsoron Allah kan zuba rinin masana'antu mai suna Sudan IV, wanda ake rina man takalmi da kakin zuma da shi, an kuma haramta shi a abinci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta gano shi a manjan kasuwannin Akara a 2015. Wannan ya nuna ido kaɗai ba ya isa shaida. Manja na gaskiya jansa yana da sirkin ruwan goro, idan aka shafa shi siriri a farin faranti rawaya-rawaya yake bayarwa, don haka wanda ya yi ja jawur kamar jini abin tuhuma ne. Tabbaci dai sai ɗakin gwaji, abin da ya rage wa mai saye shi ne ya riƙe ɗan kasuwa ɗaya da ya san amanarsa da inda yake saro kaya.

A wajen ganye da kayan lambu akwai wata fahimta da ta yaɗu, cewa ɗanye ya fi dafaffe a komai. Ga bitamin C haka ne, ga karotin kuwa akasin haka. A kulle yake a cikin ƙwayoyin tsiro masu taurin bango, kuma wanda ya gartsi ɗanyen karas kaɗan yake samu, saura ya wuce. Yankawa ƙanana, dakawa, da dafuwa mai sauƙi su ke fasa bangon. Tunda ba ya narkewa a ruwa, tafasa ba ta wanke shi, abin da ke cinye shi shi ne daɗewa a wuta da tukunya a buɗe. A yanka ganye dab da lokacin zubawa, a sa shi a ƙarshen girki, a rufe, a sauke yana nan da korensa. Kabewa da dankali a dafa su ko a turara har su yi laushi, a murƙushe wa yaro da ɗan mai. Maiƙon nan wajibi ne, domin hanji ba ya ɗaukar karotin sai a cikin kitse. Wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2004, ya nuna waɗanda suka ci haɗin ɗanyen ganye ba tare da mai ba kusan babu karotin da ya shiga jininsu. Ba a bukatar da yawa, gram 3 zuwa 5 a kwano ya wadatar, wato kimanin ƙaramin cokali. A nan dole a sara wa iyayenmu mata, domin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, da miyar taushe da ta haɗa kabewa da alayyahu da gyaɗa, da dambun da aka cakuɗa da zogale aka zuba wa mai, duk sun cika wannan sharaɗi tun kafin a san sunan sinadarin. Mangwaro da gwanda ma sun fi amfani idan aka sha su bayan abinci mai maiƙo, kuma tunda hanta na ajiye bitamin A na watanni, yaron da ya more kakar mangwaro ya yi guzuri.

Wurin da al'ada ke bukatar gyara shi ne shanya. Ana baza kuka da zogale da kuɓewa a tabarma ko a kan dutse a tsakiyar rana, su bushe da wuri, su kuma koɗe. Wannan koɗewar ita ce asarar, don haske da iska ne manyan abokan gabar karotin. Binciken da aka yi a Mali a kan ganyen kuka ya nuna wanda aka shanya a inuwa ya fi wanda aka shanya a rana riƙe shi nesa ba kusa ba. Yadda za a yi shi ne a wanke ganyen, a tsane shi, a baza shi siriri a kan tabarma mai tsabta a ƙarƙashin rumfa ko a ɗakin da iska ke ratsawa, a riƙa juyawa, a ɗauke shi idan ya fara karyewa a hannu. Za a ce inuwa na da jinkiri, kuma da damina, lokacin da ganye ya fi yawa, yana iya yin fumfuna. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ganye mai fumfuna ya fi koɗaɗɗe illa. Maganinta shi ne rage kaurin shimfiɗa da zaɓen wuri mai iska, idan kuma dole sai an fitar rana, a rufa masa siririn ƙyalle a kuma janye shi da zarar ya bushe. A adana shi da ganyensa a mazubi mai murfi wanda haske ba ya shiga, a daka na mako ɗaya ko biyu kawai, domin gari ya fi saurin shan iska. A kasuwa, garin kukar da ke kore shar shi ne abin saye, wanda ya koma ruwan ƙasa yauƙi kawai ya rage masa.

Saura masu cewa me zai hana a huta da duk wannan a sayi ƙwayar karotin a kemis. An gwada, kuma sakamakon ya ba masana mamaki. A Finlan an ba maza masu shan taba, cikin wani bincike da ya haɗa mutum fiye da 29,000, miligiram 20 na beta-karotin kullum, sai rahoton 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Wani binciken a Amurka aka dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan dalili. Ba a ga haka daga cin karas ko ganye ba. Jiki yana mayar da karotin na abinci bitamin A gwargwadon bukatarsa, iyakar abin da yawansa ke yi shi ne tafin hannu da na ƙafa su yi rawaya, su kuma washe idan aka rage ci. Ana bambanta wannan da shawara ta hanyar duban ido, domin farin idon mai yawan karotin yana nan fari. Wannan kuma bai shafi ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ba yara ba, mai shuɗin kwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11 da mai jan kwanso ga waɗanda suka shekara, shi a kai su a karɓa duk lokacin da aka yi shela. Wanda kuma ya ga alamar dundumi ga yaro ko mai juna biyu, asibiti zai nufa, kada ya tsaya jiran miya ta yi aiki.

Uwargida, gobe idan kin ɗora tukunya, ki riƙe yankakkiyar albasarki a hannu kafin ki zuba manja, ki sa ta tun yana ja.